Ban Ce Masa Na Yafe Ba

Ranar Talata ce, cikin kaka. Na tashi da sassafe na yi daka, na dama fura. Maigidana Istifanus yana zaune bakin ɗaki yana gyaran igiyar ɗaurin dawa, yana rera waƙar majami'a ƙasa-ƙasa. Gida bakwai ne na Kirista a ƙauyenmu, sauran duk Musulmi, rijiya ɗaya muke sha. Ba mu da fasto, shi ke ja mana addu'a ran Lahadi. Ƙarfe takwas ya sha fura ya tafi gona. Ni na goya ɗiyarmu Lami na shiga shara.

Tara da rabi na ji ƙugin moto, wato babura, daga kudu, wajen daji. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai harbi uku a jere. Shiru. Sannan ya ɓarke kamar ana zuba tsakuwa bisa kwano.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

"Ina shanun?"

Na shige cikin tarin kara bayan rumbu, na sauko da Lami na toshe mata baki. Ta cikin darni ina hangen turken shanunmu na huɗa. Mutum uku suka shigo, fuskokinsu naɗe da rawani, suka fara kwance igiya.

Duk wanda ke gona ya yi daji. Istifanus gida ya nufo a guje, saboda mu. Ya ci karo da su a bakin turke. Sa ɗaya ya fizge, rawanin mai riƙe da shi ya zame. Iro ne. Damina biyu ya yi mana aikin gona. A tukunyata ya ci. Da zazzaɓi ya kayar da shi, ni na dama masa kunu kwana shida.

Istifanus ya ce, "Iro, kai ne?"

Abin da ya faɗa ke nan. Iro ya harbe shi sau biyu a ciki.

Suka cinna wa rumbuna wuta, suka kora dabbobi. Sha ɗaya saura ƙugin ya yi nisa. Babu abin da ake ji sai ƙarar kara yana ci da kukan mata.

Maƙwabcinmu Malam Sani, ƙanen liman, ya zo da amalanken jakinsa. Na ɗaure cikin maigida da zanena, muka ɗora shi. Muka kama hanyar Madarumfa, inda likita take, wato asibiti. Gaba da baya jama'a ne, da tabarmi da tukwane a ka. Rairayi yana riƙe taya. Malam Sani ya sauka yana turawa da kafaɗa.

Sha biyu ta wuce, jini ya ratsa zanen yana ɗiga ta tsakanin katako. Na sunkuya na ce masa, "Baban Lami, na gan shi. Ko ramin ɓera ya shiga sai na tono shi."

Ya buɗe ido. Muryarsa ba ta rawa.

"Rahila, ba na jin tsoro. Yesu ya riga ni shiga kabari, kuma ya fito. Inda za ni an san da zuwana."

Na ce ya yi shiru, mun kusa.

Ya ce, "Ki yafe wa Iro."

Na juya kai ina kallon hanya.

Ƙarfe biyu muka fara hango ruwan tabkin Madarumfa. Ya laluba ya kama yatsana, ya sake cewa, "Ki yafe masa. Ni na yafe." Ya jira. Na ji yana jira. Na cije baki har na ji gishirin jini. Ana kiran azahar daga cikin gari hannunsa ya saki. Fuskarsa kamar ta wanda ya gama noma ya kwanta a inuwa. Malam Sani ya tsayar da jaki, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe shi.

Washegari ƴan'uwa Kirista suka zo daga Maradi muka binne shi. Sun yi waƙa. Ni ban yi ba. Daga maƙabarta na wuce wurin jandarmomi. Na ba su sunan Iro, da sunan garin uwarsa, da tabon da ke bisa girarsa ta hagu. Suka rubuta. Har yau ba a kama shi ba.

Yanzu ina zaune gidan yayata a Madarumfa, ina suyar kifi bakin hanya. Duk ranar kasuwa ina shiga mota zuwa Ɗan Issa. Ba saye ke kai ni ba. Fuskoki nake dubawa, ɗaya bayan ɗaya, har a watse. Wuƙar da nake gyaran kifi da ita tana cikin lalitata. Matar faston majami'ar da nake zuwa a nan ta sani. Ta zauna da ni sau uku, ta ce sakayya ta Ubangiji ce. Na ce na yarda, amma ya yi sauri.

Ban taɓa shakkar abin da Istifanus ya faɗa bisa amalanke ba. Mutumin da hanjinsa ke hannunsa ba ya ƙarya. Yana wurin Yesu, kuma ranar ƙarshe zai tashi da jiki marar rami. Da wannan nake iya tashi da safe. Amma na san Iro ma zai tashi ranar nan, babu rawani, babu bindiga. Ina roƙo a tsayar da ni kusa in ji amsar da zai bayar. In na kai wurin yafe wa masu laifi a addu'a, bakina rufewa yake.

Mutum biyar aka kashe a ƙauyenmu. Mu mun rasa sa biyu da rumbu ɗaya da dawar da ba a gama yanka ba. Kwana uku bayan binnewa, cikin wata biyu da nake ɗauke da shi ya zube. Istifanus bai san da shi ba. Na bari ne sai an gama girbi in gaya masa.