Takardar Horon Badamasi Tela

Jibirilla Tanko ya shekara goma sha uku a Riyad, goma sha ɗaya daga ciki a sito guda, a wani garejin gyaran motoci da ke unguwar Gubaira. Aikinsa ya karɓi kayan gyara, ya liƙa musu lamba, ya jera su a kanta, ya fito da su idan makaniki ya kawo takarda. Ɗakinsa yana saman garejin. Su biyu ne a ciki, shi da Rabilu, wani direban babbar mota ɗan Gumel wanda kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida.

Duk Bahaushen da ya ji sunansa da irin Hausarsa yakan ɗauka Musulmi ne. Iƙamarsa, katin izinin zama, ita ce ke ɗauke da gaskiyar: Kirista ne, ɗan wani ƙauye a kudancin Katsina mai suna Kwarin Dumma. Garin nan babu majami'ar da zai je. Ranar Juma'a, idan an ja ƙofofin shaguna kowa ya nufi masallaci, sai ya rufe taga ya yi sujadarsa shi kaɗai, yana rera waƙa a maƙogwaro yadda ko na bayan ƙofa ba zai ji ba. Rabilu ya sani, bai kuma taɓa kai maganar waje ba. Iyaka in ya dawo ya buga ƙofa ya ce, "Fasto, an tashi coci ko in jira a zaga da kwanon baiko a karɓi kuɗi?"

A watan Janairun 2024 wata mata ta kira shi daga Zariya.

"Yaya Jibirilla? Sauda ce, 'yar Badamasi tela. Ban sani ba ko ka tuna da mu."

Ya tuna. Sai da ya nemi kwali ya zauna.

Ga yadda abin ya faru. Kowace Ista matasan ikilisiyarsu sukan yi wasan kwaikwayo na gicciye Almasihu, kuma Jibirilla, da yake shi ne sakataren zumuntar matasa, shi ke rubuta sunayen 'yan wasa. Akwai matsayin shugaban Yahudawa, mai ihun a kashe Almasihu, wanda kowa ke gudu. Badamasi tela ya ce a ba shi, don yana da murya, ga shi da ban dariya. Ya ɗinka wa kansa doguwar riga, ya yi gemu da auduga. Ya iya wasan har mata sukan yi kuka suna tsine masa. Shekara bakwai a jere Jibirilla yana rubuta layi guda: Badamasi, Bayahude. A ƙauyen kaf babu wanda ya taɓa ganin Bayahude da idonsa. Daga mumbari suka san kalmar, kuma ba a taɓa faɗinta da alheri ba. Sunan ya bi telan daga dandali zuwa kasuwa, tun yana amsawa da dariya har dariyar ta ƙare.

A 1994, kwana biyu bayan Ista, rumbun hatsin ikilisiya ya ƙone. Wani ya ce ya ga Badamasi ya wuce ta wajen. Lahadin da ta biyo, mai bishara ya yi wa'azi a kan mutanen da alhakin jinin Almasihu ke wuyansu har jikoki, ya ce irinsu ba su ƙare ba, wani ma yana zaune a cikinmu. Bai ambaci suna ba, amma duk majami'ar ta juya. Dattawa suka zauna a ƙarƙashin jagorancin Tanko, mahaifin Jibirilla, suka sa telan a horo: ba cin gurasar Jibin Ubangiji tare da masu bi, ba kujera a sujada, ba kabari a maƙabartar ikilisiya sai ya amsa laifi. Jibirilla ne ya rubuta, don ya fi kowa kyan hannu. Aka daina kai masa ɗinki, aka yi ta jifan rufin gidansa. Kafin damina ya kwashe 'ya'yansa ya tafi, ya bar kabarin matarsa a can.

"Baba ya tsufa, ƙafafun sun kumbura," in ji Sauda. "Abu ɗaya yake ta maimaitawa, a kwantar da shi kusa da Inna. Na je ƙauye, dattawan ikilisiya sun ce wai yana cikin horo. An ce mini kai ka rubuta. Ko za ka yi musu magana?"

Ya ce zai yi.

Shekarun da ya yi shi kaɗai sun sa shi yawan karatu a waya. A nan ya tarar cewa a ƙasashen Turai an yi ɗaruruwan shekaru mutane na fitowa daga wa'azin makon Ista su far wa gidajen Yahudawa, kuma daga baya ikilisiyoyi da dama sun fito sun amsa laifinsu a rubuce. A nan kuma ya tsaya ya lura cewa Almasihun da kansa, da mahaifiyarsa, da almajiransa, duk Yahudawa ne. Ya sha karanta hakan, bai taɓa jin an tsaya a kai a mumbarin garinsu ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, su da ba su da Bayahude ko ɗaya, sai da suka ƙera nasu.

Ya rubuta wa faston yanzu wasiƙa ranar 19 ga Janairu, ya nemi abu biyu: a janye horon, a kuma karanta neman gafara a gaban jama'a. Shiru. Ya sake rubutawa ranar 9 ga Fabrairu. Sai ranar 3 ga Maris faston ya kira shi, saurayi ne mai ladabi wanda aka haifa bayan gobarar.

"Ɗan'uwa Jibirilla, mun duba. Littafin taron waɗannan shekarun gara ta cinye shi. Dattawa sun ce ba za a janye abin da ba a gani a rubuce ba."

"To, Fasto, in babu shi a rubuce, ai sai a ba shi kabarin."

"Sun ce kowa ya san yana cikin horo."

"Ranka ya daɗe, wanne za mu kama?"

Faston ya yi ajiyar zuciya. "In akwai shaidar da zai rubuta abin da aka yanke, da sunayen waɗanda suka zauna, ya sa hannu, zan kai gabansu. Amma ka san sunan wa zai zo a farko."

Ya sani. Mahaifinsa ya rasu da suna mai kyau, har ajin Lahadi aka sa wa sunansa. Ƙannensa uku suna ƙauyen da iyalansu.

Kwana ashirin da shida yana jujjuya maganar. Azumi ya kama, aiki ya koma rabin yini, shi kuma yakan ci gurasarsa a bayan kanta don kada ya tsone wa masu azumi ido. Wata rana da la'asar Rabilu ya shigo yana huci, mudir, wato manajansu, ya hana shi hutun Salla.

"Wallahi mutumin nan Bayahude ne! Na ce masa uwata ba lafiya, ya ce mini yalla, yalla, wai in wuce in koma aiki."

"Ka taɓa ganin Bayahude, Rabilu?"

"Ina zan gan shi? Magana ce kawai, Fasto. Yau kuma wa'azin a kaina ya faɗo?"

"Mu ma magana ce kawai," in ji Jibirilla. Ya ba shi labarin tun daga gemun auduga. Rabilu ya saurara har ƙarshe.

"To wa ya ƙona rumbun?"

"Har yau ba a sani ba. An dai yi kwana uku ana dafa abincin bikin Ista a gindinsa."

"Kai, Baba Jibo. Rubuta musu kawai. Tsohonka yana inda gaskiya ta fi masa amfani."

Ranar 29 ga Maris, Juma'ar da ake tuna gicciyen, unguwa ta yi tsit da azahar. Jibirilla ya zauna a bakin gado ya rubuta takardar daga ka. Bai manta ko kalma ba: kwanan wata, sunayen dattawa biyar da na mahaifinsa a sama, hukunci uku. A ƙasa ya ƙara cewa babu wanda ya ga Badamasi da wuta, an hukunta shi ne saboda rigar wasa da sunan da suka liƙa masa, kuma shi sunan Bayahuden ma an koya musu ƙinsa ba bisa gaskiya ba. Ya sa hannu, ya ɗauki hoto, ya tura wa faston.

Ɗaya daga cikin ƙannensa ya kira shi washegari, ya ce ya tone wa mahaifinsu asiri daga ƙasar mutane, ya kashe waya. Tun ranar bai sake ɗaukar kiransa ba.

Dattawa suka zauna ranar 14 ga Afrilu. Sun janye horon, sun ba da kabari. Karantawa a gaban jama'a kuwa suka ce a'a, zai ta da tsohon ciwo. Jibirilla ya kira Zariya, Sauda ta kara wa tsohon waya a kunne.

"Baba, an ba ka wurinka kusa da Inna. Ni ne na rubuta waccan takardar, ka yafe mini."

"Ɗan Tanko? Ai kai yaro ne lokacin, hannu kawai ka ba su." Ya yi tari. "Za su faɗa a majami'a cewa ban ƙona ba?"

"Ba su yarda ba tukuna, Baba."

"To. Madalla da kabarin."

Badamasi ya rasu ranar 21 ga Mayu. Saƙon muryar Sauda ya iso wa Jibirilla yana tsakiyar jera matatun man injin mota, ya shiga bayan kanta ya saurara. An binne shi a gefen matarsa, mutum goma sha ɗaya suka halarta. Faston ya yi addu'a mai kyau, ya kira shi ɗan'uwanmu Badamasi har sau uku. Da suna fitowa, in ji ta, wata mata a bakin rijiya ta tambayi 'yar'uwarta wane Badamasi ne aka binne, ita kuwa ta ce, "Bayahude mana."

"Ban ce musu komai ba, Yaya. Na dai ga ya kamata ka sani. Mun gode."

Rabilu yana hanyar Dammam, sai jibi zai dawo. Jibirilla ya tsaya da wayar a hannu har allonta ya mutu. Can wani makaniki ya buga kanta yana kiran sadik, sadik, wato aboki, ya fito ya karɓi takardarsa.