Kwalin Sale Tsawa

Ko assalatu ba a kira ba muka bar Jos, mu huɗu, muka kama hanyar filin jirgin Kano. Umra ce ta fitar da mu, amma ni ina da wani buri a gefe: in ga Sale Tsawa.

Yaran yanzu ba su san shi ba. A zamanin soja shi ne mai hawa dandamali da yagaggen wando da jita mai lantarki, yana kiɗan ihun nan da Turawa ke kira pank, amma da Hausa zalla, yana wanke masu mulki tas. Mu huɗun nan duk mun tsallake katangar makaranta don mu kalle shi. Da aka matsa masa lamba sai ya gudu Makka wajen dangin mahaifiyarsa. Waƙoƙinsa suka ɓace, ko a intanet babu, kuma a zaurenmu na waya kullum sai an yi kukan rashinsu.

A unguwar Jarwal ta Makka muka sauka. Tsada kam ba a magana, in ka canza naira sai ka ji kamar an yi maka fashi da sallama. Ful da tamis, wato wake da gurasa, ya zame mana karin kumallo da abincin rana. Duk da haka abokan tafiyata suka dinga jidar dabino da jallabiya da turare kamar za su buɗe shago.

Bayan mun sauke Umra na shiga cigiya. Aka ce a unguwar Nakkasa yake. Muka je muka tarar unguwar tasu ta zama fili, sai ɓaraguzai da motocin rusau. Wata mai sayar da kunu ce ta kwatanta mana inda ya koma a unguwar Rusaifa, wani ɗakin kwano a saman bene.

Na san shi ne ta idanu kawai. Ya rame, muryar da ta taɓa girgiza fili ta dushe. 'Yarsa ta kawo shayi ta gaishe mu da Larabci. Muka ja masa amshin wata tsohuwar waƙarsa, ya kama yana buga gwiwa, ɗaya daga cikinmu har da hawaye. Sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado.

"Kaset-kaset ɗina ne na asali, wallahi babu kwafinsu ko'ina," in ji shi. "'Ya'yana ba su jin Hausar waƙa. Ranar da na mutu zibala za su kai su, su watsar a bola. Ku tafi min da su gida, khalas."

Wani cikinmu ya ce, "Ai Baba, kilon kayanmu ya cika." A kan matakala mai hawayen nan ya raɗa min, "Haba Alhaji, mutum ya dawo daga Ɗakin Allah da kiɗa a jaka? Me za a ce da mu?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ya rasa ƙasarsa saboda ya faɗi abin da muke tsoron faɗa, ga shi ba mu iya sadaukar masa da gurbin dabino ba.

Na koma sama na ɗauki kwalin. Dabinona na rabar a ƙofar masauki, kaset suka maye gurbinsa. Har muka sauka Kano babu wanda ya yarda jakarsa ta taɓa tawa.

A gida na sha gori a kan tsaraba, na haɗiye. Na nemo tsohuwar rediyo mai kaset wajen wani mai gyara, na saka na farko. Shiru, sai shuuu. Na biyu ya tsinke. Mai gyaran ya buɗe sauran ya girgiza kai: zafin ɗakin kwanon nan ya narkar da zaren, ya manne wuri guda tun ba yau ba.

Abin da tafiyar ta koya min shi ne, mu masoya son baki muka iya, kuma mun makara da shekaru. Jiya mai hawayen nan ya rubuto a zaure cewa in turo musu waƙoƙin. Sale ma ya kira yana tambaya ko mutanen gida sun ji, na ce masa sun ji.