Muryar Rabi'u a Jakara

Ina ɗaure akuya maƙwabciyarmu Hajiya Talatu ta shigo, ko zama ba ta yi ba ta ce wa Inna, "Wallahi jiya na ji Rabi'u yana waƙa a Kano." Rabi'u ƙanena ne. Tun kafin azumi muka binne shi.

Ɗan wasan barkwanci ne. Shi da abokansa sukan hau dandamali su kwaikwayi finafinan nan na rawa da waƙa don ba da dariya. A situdiyo ake ɗaukar waƙoƙin, 'yan wasa su riƙa motsa baki kawai. Ashe ba su daina sa nasa ba. Inna ta ce, "Yana kwance ana ƙara masa nauyi. Habu, je ka ce su goge."

Daga Wudil zuwa Ƙofar Ɗan Agundi

Ana idar da sallar asuba na shiga mota. Da muka haye gada direba ya kunna waƙa, na roƙe shi ya rage. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Rashi aka yi, Malam?" Na ce e. Ya kashe gaba ɗaya. Na sauka Ɗan Agundi rana ta ɗan ɗaga, na hau adaidaita sahu zuwa cikin gari.

Sheshe

A bakin lungu mai adaidaita ya ajiye ni, na ƙarasa da ƙafa gidan Malam Tasi'u, shugaban 'yan wasan. Zaurensa cike yake da kayan wasa, riguna rataye a ƙusa kamar mutane sun juya baya. Cikinsu na gane jar hular Rabi'u. Malam Tasi'u ya sake yi mini ta'aziyya, aka kawo koko da ƙosai, sannan na isar da saƙon Inna.

"Gaskiyarta ce," in ji shi. "Amma ka zo ka gani tukuna. Bayan la'asar ne."

Jakara

A harabar wata makaranta aka yi, mutane maƙil. Saurayi yana bin budurwa suna zagaya bishiya, budurwar kuwa ƙato ne mai gemu cikin gyale. Bishiyar ma mutum ne riƙe da rassan darbejiya, da ya gaji ya je ya zauna, sai da suka roƙe shi ya dawo. Wani ya hau tsani da buta yana musu ruwan sama. Duk baiti sai saurayin ya sake riga, har ya fito da ta maigadi. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba.

Sai aka sake waƙa. Wani dogo da ban sani ba ya fito da jar hula, ya buɗe baki, muryar Rabi'u ta fito. Har karkata kai irin nasa ya koya. Budurwar ta amsa, ita ma Rabi'u ne ya maƙale murya.

Ana tsakiyar baiti sai muryar ta sarƙe da tari. Dogon ya dafe ƙirji, ya duƙa daidai da shi. Na san tarin nan. Shi na yi ta ji a asibiti ina riƙe masa kwano. Muryar ta ce, "Ku dakata in sha ruwa." Dogon ya fizge butar mai ruwan sama ya kafa kai. Wurin ya kaure da dariya. Wani tsoho kusa da ni yana share hawaye yana dukan kafaɗata. "Kai, yaron nan ɗan duniya ne! Kullum nan wurin nake jira."

Da aka watse Malam Tasi'u ya same ni inda nake zaune. "Ba wasa ba ne tarin," ya ce. "Ranar ɗauka ya kama shi. Na ce a yanke, ya ce a bar shi, za su so shi." Ya zare ɗan katin mimori daga na'urar da ke kunna waƙoƙin ya sa mini a tafin hannu. "Ba mu da wani. Kai ne yayansa."

A gida ba mu da muryarsa ko ta gaisuwa. Wayarsa ta ɓace tun a asibiti.

Komowa

Na yi magariba a tasha, na iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Malam Tasi'u da direban nan da alheri. Inna tana kan tabarma da carbi, ta ce, "An goge?"

Na ce, "Sun daina sawa, Inna."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Mimorin yana cikin naɗin hulata. Ban goge ba, ban kuma saurara ba.