Ciwon Da Muka Ɓoye Wa Surukar Yaya

Ko na tsufa na manta komai, ban da safiyar da aka yi wa yayata tiyatar haihuwa a Lafiya. Tun tana budurwa take da wani ciwo da ba a cika gani ba. Jikinta yakan saki, da yamma fatar idonta ta sauko, wani lokacin ko tauna ta gagare ta. Tana shan magani, amma Mama ta hana a faɗa. Mijinta kaɗai ya sani, danginsa na Ashige kuwa ko da wasa.

Naƙuda ta ƙi ci gaba, aka ce sai aiki, mijin kuma yana hanya daga Awe. Likitar da ke sa barci ta zo, wata 'yar Binuwai mai sanyin magana da tsintacciyar Hausa, ta same mu ni da Mama da surukar Yaya a bakin gadonta.

"Mama, yarinyanki yana da wani ciwo? Yana shan magani?"

Yaya ta kalli Mama. Mama ta saci kallon surukar, ta ce, "Lafiyarta ƙalau."

Ni ban iya haƙuri ba, har gobe. Na ce, "Wane ƙalau!" Na zazzage jakar Yaya a kan gado, magungunan suka zubo. Mama ta mintsine ni har na ga taurari.

Likitar ta karanta kwalin, ta jawo kujera. Ta sa Yaya ta ja numfashi ɗaya ta yi ta ƙirga.

Na ce, "Likita, ana haihuwa kina sa ta lissafi?"

"Ƙarfin numfashi nake aunawa, sarkin sauri. Da na sa shi barci da maganin da muke ba kowa, wataƙila ƙirjin ba zai iya numfashi da kansa ba."

Allurar baya ta yi mata kaɗan-kaɗan, aka yi aikin Yaya tana ido biyu.

A waje Mama ta kasa ɗaga kai. Surukar ta matso ta riƙe hannunta.

"Haba Maman yara, wa kike tsammani yake daka mata sakwara shekara biyu? Tun makon farko na ga idon. Na yi shiru ne kar ku ji kunya."

Da aka fito da Yaya, hannuwanta ba ƙarfi. Surukar ta ɗora mata jaririyar a ƙirji, ta tallafe daga ƙasa, kamar Yayar ce ke riƙe.

Tun ranar na gane kunyar surukai tana da wurinta, amma ba a gaban mai riƙe da allura ba.