Shukar Baba a Watan Maris

Wata Asabar ce a ƙarshen watan Maris, ina 'yar shekara tara, ruwan sama ya kwana yana zuba a unguwarmu ta Bronx a birnin New York. Da gari ya waye Baba ya buɗe tagar falonmu, ya zura kai waje ya shaƙi iska, sannan ya juyo fuskarsa fal murna ya ce in sa takalmi, damina ta sauka. Mama ta ce wace irin damina ce mutane ke yawo a cikinta da rigar sanyi har wuya? Bai ko saurare ta ba. Ya ɗauko ƙullin irin kuɓewa da ya daɗe yana ajiya a saman firji, ya saɓa fartanya, muka sauka.

Baba direban tasi ne, amma in ka tambaye shi sana'arsa noma zai ce, tuƙi lalura ce kawai. A wani ƙauye kusa da Bichi ya tashi, kuma duk hirarsa sai ta biya ta gona. Bayan gininmu a Concourse Village akwai lambun 'yan unguwa, an kewaye shi da waya, an yanka shi fegi-fegi, kowanne bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Baba ya yi shekaru yana jiran layi kafin a ba shi nasa a wannan shekarar, da sharaɗi guda: duk wanda watan Yuni ya kama feginsa ba tsiro, kwamitin lambu zai karɓe ya ba na bayansa.

Mun tarar da mutum ɗaya tak a lambun, Mis Odesa, wata tsohuwa baƙar fata 'yar asalin Amurka, wadda feginta ke jikin namu. Ta dube mu, ta dubi fartanyar, ta ce wa Baba ƙasa ba ta farka ba tukuna, ya dakata. Baba ya yi mata godiya cikin ladabi, sannan ya waiwayo ya ce mini da Hausa, "Tun ban iya tafiya ba nake shuka. Ruwa ya sauka, me kuma za a jira?" Yana sara ina zuba iri ina rufewa da diddige kamar yadda ya koya mini, yatsuna sun ƙandare don sanyi amma ban yarda na nuna ba. Ko ƙwaya ɗaya ba mu rage ba.

Rana ta ɗan yi mana alkunya a makon da ya biyo baya, har 'yan tsiro suka leƙo. Sai wata safiya muka iske raɓa ta daskare a kan komai, tsiron nan sun yi baƙi sun kwanta. Baba ya tsuguna ya tona da yatsa, ya ga sauran irin ya ruɓe a ƙasa. Ya goge hannu a wando muka dawo.

Ranar na fara ganin kunya a fuskar mahaifina, kuma abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Ya jingine fartanya a bayan ƙofa, ya daina bin hanyar lambu, sai ya zagaya ta gaban masallaci. Mama ta ce ai ana sayar da iri a kanti, ya ce ba maganar iri ba ce, ƙasar nan ce ba ta san shi ba, shi baƙo ne a cikinta, in za su karɓe su karɓe. Ni kuwa in na taso daga makaranta sai in leƙa ta waya, in ga feginmu fayau, ga watan Mayu yana ta tafiya.

Wata Lahadi aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Mis Odesa da hularta ta zuwa coci, riƙe da kwalba cike da irin kuɓewa. Mama ta rasa inda za ta sa ta, ta kawo ruwa, ta kawo lemo. Tsohuwar ba ta yi wani kewaye-kewaye ba, ta ce wa Baba, "Ina da iri, na san lokacin ƙasar nan, amma gwiwoyina sun ƙi. Kai kana da ƙarfi. In ba ka zo ba, nawa fegin ma karɓewa za a yi."

Sai ta ba mu labarin irin. Ta ce iyayenta manoma ne a jihar Karolina ta Kudu, suna noma gonar da ba tasu ba, a zamanin da baƙar fata bai isa ya sha ruwa a famfo ɗaya da farar fata ba. Da suka gaji suka hau jirgin ƙasa zuwa arewa, uwarta ta ƙullo irin kuɓewa a cikin safa. A shekarar farko a New York uwar ta yi shuka a lokacin da ta saba yi a garinsu, sanyi ya cinye rabi, ta zauna ta sha kuka. Baba ya ɗago kai ya tambaye ta, har ita ma? Ta ce har ita ma, ga shi kuwa a gona aka haife ta. Ya zuba irin a tafin hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa tsohuwar, "To Mama, gobe da safe, in Allah ya kai mu."

Da safen ta sa shi ya cire takalmi ya tsaya a kan ƙasa, ta ce in tafin ƙafa ya jure, iri ma zai jure. Ya tsaya ya ce akwai ɗumi. Ya duƙa ya kama aiki, tana nuna masa da sanda, ni ina jigilar ruwa a bokiti ina jiƙa siket ɗin makaranta. Da kwamiti ya zo dubawa a farkon Yuni, tsiro ya yi kore shar, sai dai matar da ke jagorantarsu ta rasa gane iyaka, don Baba ya ja kunyoyin ne a miƙe daga wannan fegi har ƙarshen wancan. Ta tambaye shi ina nasa ya tsaya. Ya nuna Mis Odesa ya ce a tambayi uwarsa. Matar ta yi dariya ta wuce, ba a karɓi ko ɗaya ba.

Abu ɗaya ne ba su taɓa shiryawa a kai ba. Ita soya kuɓewa take yi da garin masara don ta kashe yauƙin, Baba kuwa ya ce in an cire yauƙi me ya saura? Haka suka yi ta musu shekara da shekaru, tana aiko mana da soyayya, Mama na aika mata tuwo da miya.

Yanzu ina aikin jinya a unguwar Queens, kuɓewa ma a leda nake saye a gurguje in na taso. Mis Odesa ta daɗe da rasuwa, kuma ina kewar muryarta da safiyoyin nan da ba wanda ke sauri. Baba ya bar tuƙi, amma yana nan da feginsa, jikokinsa na binsa suna tattake masa shuka yana faɗa da Hausa suna amsawa da Turanci. Tun daga waccan shekarar ban ƙara jin ya kira kansa baƙo ba.