Ranar da Muka Shiga Birni Neman Taki

Wata Asabar ce a ƙarshen kakar shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai gama yin ido ba. Ina aji uku a firamare, Baba ya tashe ni bayan sallar asuba ya ce in wanke fuska, yau da ni za a shiga birni. Sanyi ya fara saukowa, amma ko rigar ƙari ban tsaya nema ba. Jakunanmu biyu, Aura da Duna, an riga an ɗaura musu akumari an labta musu kara, mangaloli kuma an naɗe an ɗora a sama. Inna ta ƙulle mini dafaffen rogo a tsumma, ta ce kada in saki baki ina kallo mota ta kwashe ni. Baki kam tun kafin mu bar ƙauye na sake shi.

A wajenmu, can hanyar Minjibir, gona ba ta hutawa. Duk inda ka duba gonar wani ce ta jingina da ta wani, sai ɗan layin gamba a tsakani, kuma ƙasar da ba a ba ta taki ba, ba ta ba ka komai. Da an gama girbi an zuba dammuna a rumbu, mata na roron gyaɗa, mu yara muna langa a fili, sai magidanta su kama zirga-zirga da jakuna. Su kai kara da itace birni, su dawo da tokar murhu da kashin awaki da sharar gidaje, a jibge a gona tsibi-tsibi har damina. Kowa da gidan da ya saba. Namu na wata dattijuwa ne, Hajiya Yalwa, wadda tun zamanin kakana take tara mana, mu kuma mu kai mata damin sabon gero. A shekarar nan rumbunmu ko rabi bai kai ba, takin zamani kuwa sai dai a ji labarinsa. Baba ya faɗa a gabanmu cewa idan gonar bayan gida ba ta samu taki ba, baɗi ma haka za mu ƙare. Maimakon dami, ɗan wake ya ƙulla wa Hajiya.

Ni kuwa ba taki ne a gabana ba. Abokina Sabo ya taɓa raka yayarsa asibiti a birni, tun daga nan muka rasa sakat a makaranta. Shi ya ga jirgin ƙasa, shi ya ga marina, kuma kullum sai ya ce, "Wanda bai hau Dala ba, ai hanya kawai ya sha." Da na tambayi Baba ko za mu hau, cewa ya yi sai mun cika mangala tukuna.

Hantsi ya yi muka sayar da karan a Fagge, muka wuce masu layin sabulu da madara a ƙofar wani kanti, muka kutsa lungunan cikin gari. A bayan gidan Hajiya muka tarar da wurin jujin an share shi tas. Ashe ɗanta ya sayar wa wani mai tifa. Ta fito zaure tana dogara sanda ta ce, "Malam Audu, wallahi ina kwance aka yi wannan abu. Ban san da wane ido zan dube ka ba." Baba ya ce ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya kuma miƙa mata waken duk da haka. Da muka fito ya daɗe yana gyara akumarin Duna, alhali ba abin da ya same shi. Can ya juyo ya ce, "To, Habu, tunda kaya babu, zo ka ga gari."

Na kuwa ga gari. A marina na tsaya ina kallon mutane suna tsoma zane a rami yana fitowa shuɗi, hannuwansu sun rine har gwiwar hannu, masu bugu kuma suna sauke sanduna kamar mata na daka. Baba ya koma gefe yana gaisawa da wani tsoho, ya fito da ɗan katsi, tokar da ake kwashewa daga ƙasan ramin rini, ya juye a mangala. A kasuwar dabbobi na fara ganin raƙumi ido da ido, ya dube ni a wulaƙance yana tauna, Baba kuma ya ari tsintsiya ya yi ta shara a ƙarƙashin turaku. Wajen titin jirgi muka ci rogonmu, jirgin ya zo ya wuce ƙasa tana rawa, Aura ya nemi tsinke igiya, na yi ta ihu ba mai jina. Nan ma Baba ya leƙa bayan wani gidan burodi ya samo toka. Duk ina ganinsa yana yi, amma ban ɗauki abin a bakin komai ba, don a tunanina saboda ni ake wannan yawon.

Bayan la'asar muka isa gindin Dala. Baba ya ce in hau, shi zai tsaya da jakuna. Na bi wasu yaran unguwar muka haye ina haki. Daga sama Kano ta baje a gabana: hasumiyoyin masallaci, kududdufai suna ƙyalli, shirwa tana shawagi a ƙasa da ni, can nesa jirgin sama yana sauka a hankali. Daɗi ya cika ni har na rasa wanda zan faɗa wa, sai na leƙa ƙasa don in ɗaga wa Baba hannu. Na hango shi a tsugune a hanyar da garken tumaki ya bi, yana tsintar kashinsu da hannu yana zubawa a gaban rigarsa, rigar Juma'ar da ya sa don girmama Hajiya. Ɗaya daga cikin yaran ya nuna shi yana dariya ya ce, "Kai, ku dubi wani baƙauye!" Kunya ta fara kama ni, sai tausayi ya danne ta. Na ce, "Babana ne." Na sauko da gudu na tsuguna kusa da shi. Bai hana ni ba, ya dai matsa mini wuri.

Mun kama hanyar gida mangalar Aura a cike, ta Duna ta ɗan wuce rabi, mai burodin nan kuma ya ce Baba ya riƙa zuwa duk mako. Haka ya yi ta tarawa kaɗan-kaɗan har ƙarshen rani, gonar bayan gida ta samu abincinta, mu ma da kaka ta zagayo muka samu namu.

Yanzu a birnin nake zaune. Jakunan taki sun ɓace daga hanya, gonakin da muka ratsa a ranar yawancinsu an yanka fuloti, Baba kuma ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa. Idan kaka ta zo ƙarshe nakan kwashi yarana mu hau Dala, su yi ta rige-rigen nuna mini benaye da gadoji. Ina amsa musu, amma ni ƙasa nake kallo.