Ƙullutu Uku a Ƙarƙashin Kunnen Tukunya

Ƙarar cokali a jikin tukunya nake fara ji idan na tuna ranar. Baba yakan ƙwanƙwasa sau ɗaya, sai sautin ya tashi ya yi ta yawo a rumfar kamar ba ya son sauka. Ina yarinya nakan rufe ido in bi shi har inda ya ɓace.

Baba maƙerin tukwanen dalma ne a unguwar Briqueterie. Rumfarsa tana bayan gidanmu, a gangaren da ruwan sama ke bi da jar ƙasa. Yana sayen gwangwanayen lemo da tsofaffin kwanuka, ya narkar da su a kan gawayi har su zama ruwa mai walƙiya. Sai ya binne wata tsohuwar tukunya cikin jiƙaƙƙen yashi a akwatin katako, ya zare ta a hankali, ya zuba narkakkiyar dalma a gurbin da ta bari. Wannan tsohuwar tukunya ita yake kira uwa. Tana da ƙullutu uku kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin kunnenta, kuma duk tukunyar da ta fito daga gurbinta da su take fitowa. Ko da aka zo yin manya, sai da ya kwaikwayi ƙullutun a jikinsu. Da su matan unguwa ke gane aikinsa.

Ranar Asabar ce da hantsi, ba lekol, wato makaranta, ina zaune a bakin rumfar da littafina. Sai ga wata Hajiya mai sayar da shinkafa a unguwar Tsinga ta shigo da tukunya a hannu, ko sallamar kirki ba ta ƙarasa ba.

"Malam, haka za mu yi da kai? Wata biyu kacal, gindinta ya huje. Miya ta kashe mini wuta, mutane na tsaye da faranti."

Baba ya karɓa, ya juya ta. Ga ƙullutu uku nan a inda suka saba zama. Ya jinjina ta a tafin hannu, ya ɗauki cokali ya buga. Ta ce kwas, ta yi shiru.

"Hajiya, a ina kika saya?"

"A kasuwar Mokolo mana. Ba alamarka ba ce wannan?"

"Alamar tawa ce. Tukunyar kam ba ta taɓa ganina ba."

Ya jawo ɗaya daga cikin nasa ya buga, sautin ya cika rumfar. Hajiya ta karɓi cokalin ta gwada da kanta, wannan sannan waccan, har sau uku.

A makon ne muka gane yadda abin yake. Wani Alhaji mai fataucin kaya daga ƙetare ya taɓa sayen tukunya ɗaya a wajen Baba, yana ta yaba ta. Ashe wani kamfani ya kai wa a can, suka buga irinta dubbai, marasa kauri, har da ƙullutun. Suka cika Mokolo a kan rabin kuɗin namu. Gwangwanayen ma da Baba ke saye sun yi wuya, domin manyan motoci na kwashe su zuwa bakin teku a Douala. Na daɗe ina tunanin wannan tafiya: gwangwanin unguwarmu ya hau jirgin ruwa, ya dawo da fuskar aikin ubana, yana ɓata masa suna a gidajen da suka san shi.

Alhajin da kansa ya biyo ta rumfar bayan sallar Juma'a, yana kare babbar rigarsa daga toka.

"Malam, ka fiye ƙwarewa, shi ne matsalarka," ya ce yana dariya. "Tukunyar da za ta shekara ashirin, yaushe mai ita zai dawo kasuwa? Kamfani ba ya son irin wannan. Ka zo ka riƙe mini shago, ka huta da hayaƙi."

"Na gode, Alhaji. Kasuwa ta kowa ce, ka kawo kayanka ka sayar. Mai ƙaramin ƙarfi ma yana son tukunya. Ka rubuta inda aka yi su kawai, ka cire mini alamata."

"Alamar tana da takarda?"

Ba ta da takarda. Baba ya ci gaba da tankaɗe yashi.

Ni da nake ganin na yi karatu, sai na kawo shawara. Na ce a goge ƙullutun da magagari, in zana masa sabuwar alama da haruffa masu kyau. Har na zana guda huɗu a bayan littafina. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce sun yi kyau ƙwarai.

"Amma uwa ba za a taɓa ta ba, 'yata."

Na ji haushi a lokacin, na ɗauka taurin kai ne.

Abin da ya yi shi ne, ya ce wa Hajiya ta faɗa wa mata duk wadda tata ta huje ta kawo. Hudaddu uku suna ba da dalmar tukunya ɗaya tasa. Ba ya sallamar kowa sai ya miƙa mata cokali ta saurari bambancin da kunnenta. Kafin damina ta wuce, na ga mata a Mokolo suna zaro cokali daga jaka suna ƙwanƙwasa tukwane, masu shago na ɓata rai.

Ba zan ce ya ci nasara duka ba. Ƙananan tukwane sun kuɓuce masa har yau, kuma biyu daga cikin maƙeran layinmu sun koma tuƙa babur. Amma masu dafa abincin sayarwa da na biki sun dawo, domin su wuta ba ta ɗaga musu ƙafa. Rumfar tana nan, kuma ba wanda ya sake kawo masa ƙarar aikin da ba nasa ba.

Sai da na gama jami'a, Inna tana haɗa mini kaya zan tafi wajen aiki, ta ɗauko wata ƙaramar tukunya ta ce in kawo hannuna. Ta ɗora yatsuna uku a kan ƙullutun. Ta ce ina rarrafe na shiga rumfar, Baba ya juya baya, na danna yatsuna a cikin yashin da ya gama shiryawa. Ya gani sarai, ya zuba dalmar a haka. Tukunyar da ta fito ita ce uwa.